Guguwar farkon damina: abin da ya kamata a shirya a Ruwan Godiya da kewaye kafin hadari ya taso

Guguwar farkon damina ita ce iska mai ƙarfi, haɗe da ƙura da tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya, wadda ke faɗa wa garuruwan ƙasar Hausa a ƙarshen bazara, bayan wata shida ko fiye ba tare da ɗigon ruwa ba. A kudancin Jihar Katsina takan zo tsakanin ƙarshen Afrilu da farkon Yuni. Sau da yawa ba ta wuce sa'a ɗaya ko biyu, amma a cikin wannan ɗan lokaci takan yaye rufin azuzuwa da gidaje, ta karya turakun lantarki, ta rusa katangar da ba a yi wa yaɓe ba, ta kuma ruɗi manomi ya zuba irinsa a ƙasa kafin lokaci.

Lokacin zuwanta sananne ne, haka ma inda take ɓullowa da irin ɓarnar da take yi, don haka tana cikin bala'o'in da za a iya rage illarsu da shiri mai araha, muddin an yi shirin a watannin Maris da Afrilu. Abin da ya fi kawo cikas shi ne sakaci, musamman a shekarar da hunturu ya zo da sauƙi, sanyi bai takura ba, ƙura ba ta rufe gari ba, har mutane suka ɗauka shekarar gaba ɗaya mai laushi ce.

Wurin da ake magana a kai

Ruwan Godiya gari ne kuma mazaɓar kansila a Ƙaramar Hukumar Faskari, a kan hanyar da ta haɗa Sheme da Ƙanƙara. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa sun haɗu a mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma suna cikin shiyyar Funtuwa, wadda ake kira Karaɗuwa. Yankin ya yi iyaka da Jihar Zamfara ta yamma, ya kuma jingina da dazukan Birnin Gwari na Jihar Kaduna ta kudu.

Wannan ɓangare shi ne ya fi samun ruwan sama a cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar. Ruwan shekara a kudancin Katsina yakan kai kimanin milimita 1,000, alhali a arewacin jihar, wajen Daura da Jibiya, yakan yi ƙasa da haka sosai. Shi ya sa ake noman masara da dawa da auduga da waken suya da shinkafa a nan, kuma kusan kowane gida yana da alaƙa da gona. Damina takan kankama a watan Mayu, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a Oktoba.

Yadda guguwar ke haɗuwa

Iska biyu ce ke karɓa-karɓa a sararin Afirka ta Yamma. Ta farko busasshiya ce, tana kaɗowa daga arewa maso gabas ta ratsa Sahara, ita ce iskar hunturu, kuma yawancin ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Ta biyu mai danshi ce, tana zuwa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Iyakar da ke tsakaninsu tana matsawa arewa sannu a hankali daga Fabrairu, tana bin rana. Idan ta wuce saman kudancin Katsina, sai a ji iska ta juya, dare ya yi gumi, gajimare ya fara taruwa da la'asar.

A wannan lokaci ƙasa ta gasu, zafin rana yana haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Iska mai zafi da danshi tana tashi sama da sauri, ta zama hadari mai tsawon kilomita goma ko fiye. Ruwan da ya fara zuba daga cikinsa yana ratsa busasshiyar iska, wani sashe ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba, wannan ƙafewa kuma ta sanyaya iskar ta yi nauyi ta faɗo da ƙarfi. Da ta bugi ƙasa sai ta bazu gaba, tana tura bangon ƙura ja. Wannan ne dalilin da ya sa iska ke riga ruwa isowa, kuma mafi yawan ɓarnar rufi a cikin mintunan farko take faruwa, tun kafin a ga ɗigo ɗaya.

Irin waɗannan hadarurruka sukan jeru a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su yi tafiya daga gabas zuwa yamma da gudun da ya kai kimanin kilomita 50 a sa'a. Abin da tsofaffi suka daɗe da sani, cewa hadari daga gabas yake tasowa, ya dace da abin da tauraron ɗan'adam ke nunawa. Ma'anar wannan ga mai shiri ita ce bangon gabas da gefen rufi na gabas su ne ke karɓar duka, kuma hadarin da ya ratsa yankin Kano zai iya isa Faskari bayan 'yan sa'o'i, wato akwai tazarar da za a iya yin gargaɗi a cikinta.

Akwai kuma shaidar cewa guguwar tana ƙara tsanani. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa yawan hadarurruka mafiya tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Masu binciken sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara.

Sauƙin hunturu ba lamuni ba ne

Ƙarfin hunturu ya dogara ne da iskar da ke turowa daga arewacin Afirka a Disamba da Janairu. Ƙarfin damina kuwa ya dogara da wasu abubuwa daban, irin su zafin ruwan Tekun Atlantika da na Fasifik da kuma yadda Sahara ta ɗumama a bazara. Babu ƙa'idar da ta ce sanyi kaɗan yana nufin iska kaɗan.

Shekarar 2024 misali ce ta kusa. Zafi ya shigo Najeriya tun cikin Fabrairu, lokacin da aka saba da sauran sanyi, har Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, ta yi ta fitar da gargaɗi. A farkon Afrilu zafin garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Daminar da ta biyo baya ta zo da ruwa fiye da ƙima: ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Jamhuriyar Nijar, Jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi shan wahala, tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe a farkon Satumba, sannan madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a ranar 10 ga watan. Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar da 2024 a matsayin shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa.

Ƙasashen da ke fama da dusar ƙanƙara sun san irin wannan ruɗi ta tasu fuskar. Jihar Texas ta Amurka ta saba da sanyi mara tsanani. A 2011 wani sanyi mai ƙarfi ya katse mata lantarki, hukumomin tarayya suka ba da shawarar a killace tashoshin wuta da bututun gas daga daskarewa, amma ba a tilasta bin shawarar ba. Da guguwar dusar ƙanƙara ta zo a Fabrairun 2021, gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan huɗu suka rasa wuta, hukumomin jihar kuma suka ƙidaya mutum 246 da suka mutu. Darasin ya shafi Faskari kamar yadda ya shafi Texas: shekarun sauƙi su ne ke sa a ɗage gyara, kuma gyaran da aka ɗage shi ne ke zama asara ranar da yanayi ya juya.

Dalilin da ya sa ta farko ta fi ɓarna

Dalili na farko yana cikin ginin kansa. Watannin rani suna busar da katakon rufi ya tsuke, ƙusa ta yi sako-sako a raminta, gara ta ci azara da ƙyaure ba tare da an lura ba. Kwano yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, ramukan ƙusa su faɗaɗa. Guguwar farko ita ce gwajin farko da rufin ke fuskanta tun Oktoban bara.

Na biyu shi ne ƙarfin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take dannawa da shi yana ninka sau huɗu. Iskar da ke wucewa ta saman rufi tana tsotsar sa zuwa sama, idan kuma ƙofa ko taga ta gabas a buɗe take, iskar da ta shiga ɗaki tana tura shi daga ƙasa. Haɗuwar tsotsa da turi ita ce ke ɗaga rufin aji gaba ɗaya ta ajiye shi a bayan makaranta.

Na uku shi ne ƙasa. Gona da fili da suka bushe suka yi ɓawo ba sa shan ruwa da sauri, ga shi babu ciyawar da za ta tare shi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100 zai zubar da lita 3,000 idan aka yi ruwan milimita 30, kuma ruwan farko yakan kai haka cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Duk wannan ruwa yana neman hanya a magudanan da suka cika da leda da toka da sharar wata shida.

Na huɗu kuma itatuwa ne. Yawan sare itace don gawayi da girki ya rage shingen da ke karya ƙarfin iska a gefen garuruwa, sannan dalbejiyar da aka dasa dab da ɗakuna ba a rage mata rassa ba takan zama haɗari da kanta.

Shirin gida

Maginan gargajiya sun tsara aikinsu bisa wannan kalanda tun da daɗewa. Ana yi wa soro da katanga sabon yaɓe a bazara, a toshe tsagar da rani ya buɗe, a gyara indararo domin ruwa ya faɗi nesa da gindin bango. A da akan ƙarfafa yaɓen da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da katsi na marina. Rawanin da ake ɗora wa saman gini, ban da ado, yana kare bakin rufi daga iska. Ɗakin jinka da rumbu suna buƙatar sabuwar baibaya da ɗauri mai ƙarfi, gindin rumbu kuma a ɗaga shi bisa duwatsu.

Ga gidan kwano, abin da ya fi muhimmanci shi ne haɗin da ke tsakanin katakon rufi da bango. Rufin da aka ɗora bisa bulo kawai, aka danne da duwatsu ko tsofaffin tayoyi, shi ne ke fara tashi, duwatsun kuma su zama makami a kan waɗanda ke ciki. Ya kamata kafinta ya ɗaure katakon da wayar ƙarfe ko rodi da ya shiga cikin bango, ya sauya duk katakon da gara ta ci, ya ƙara ƙusa mai hula a gefuna da kusurwoyi, inda iska ta fi tsotsa. Rufi mai gangare huɗu ya fi mai gangare biyu jure iska, haka ma wanda bakinsa bai zarce bango da yawa ba.

Sauran aikin na gayya ne, domin ruwan gida ɗaya a ƙofar maƙwabci yake tsayawa. Yashe magudanai da kwalbatoci, kwashe sharar da aka fitar zuwa nesa don kada ruwa ya mayar da ita, gyara hanyar da ruwa ke bi zuwa kududdufi, da sare rassan da suka rataya bisa rufi ko wayar lantarki, duk ana gama su ne kafin ƙarshen Afrilu. Takardu masu muhimmanci, kamar takardun gona da na makaranta da katin zaɓe, a sa su a leda mai kauri a ajiye a sama. Hatsi da taki a ɗora su bisa katako, nesa da bango.

Idan hadari ya taso, a rufe ƙofofi da tagogi, a kashe wutar murhu domin iska na ɗaukar garwashi zuwa danga da jinka, a shigar da yara, a kwance dabbobin da aka ɗaure ƙarƙashin itace ko jikin tsohuwar katanga. Bayan an ɗauke ruwa, duk wayar lantarkin da ta faɗo a ɗauka tana da wuta har sai ma'aikatan KEDCO, kamfanin da ke raba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa, sun tabbatar da akasin haka.

Shirin gona: ruwan farko da ruwan shuka

Asarar da ta fi zafi ga manomi ba a ganin ta a ranar guguwa. Ruwan farko yakan jiƙa ƙasa har a ji ƙamshinta, a fita shuka, sannan sama ta yi shiru na mako biyu ko uku. Iri ya tsiro ya ƙone, sai a sake sayen wani, a sake biyan 'yan ƙwadago. Ga wanda ya ci bashi ya sayi ingantaccen irin masara, wannan kuskure ɗaya na iya cinye ribar shekara.

Masana sun yi ƙoƙarin raba ruwan yaudara da ruwan shuka. Ma'aunin da M. V. K. Sivakumar na cibiyar ICRISAT a Nijar ya fitar a 1988, wanda har yanzu ake amfani da shi a Sahel, ya ce damina ta fara ne idan an samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fari na sama da kwana bakwai ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Manomi ba zai iya ganin kwana 30 na gaba ba, amma zai iya tona ƙasa ya ga zurfin lema, ya kuma gwada abin da ya gani da ranar da NiMet ta yi hasashe wa ƙaramar hukumarsa.

NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana fitar da hasashen yanayi na shekara a farkon kowace shekara. Kundin yana nuna ranar da ake sa ran faruwar damina da ɗaukewarta, tsawonta, yawan ruwa, da wuraren da ake tsoron tsaikon ruwa a Yuni da Yuli, kuma ana fassara shi zuwa Hausa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana jagorantar irin wannan hasashe ga ƙasashen Sahel baki ɗaya. Hasashe ba wahayi ba ne, yana iya kaucewa da kwanaki, amma ya fi dogaro da ƙamshin ƙasa.

Akwai dabarun rage kasada. Binne, wato shuka gero ko dawa a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, tsohuwar al'ada ce da ke da amfani ga irin gida mai araha, amma ba ta dace da iri mai tsada ba. Raba shuka kashi biyu ko uku, da tazarar kwanaki, yana hana a rasa komai a lokaci ɗaya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da nau'o'in masara masu suna SAMMAZ, cikinsu akwai masu jure fari da masu nuna da wuri. Yin kunya a gicciye da gangare, da barin kara a gona, suna rage zaizaya. Takin zamani kuma ba a zuba shi gabanin ruwa mai ƙarfi, domin zai bi ruwa ya tafi rafi.

Itatuwan gona ma suna da nasu aikin. A Jihar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture ya girma a gonakinsu maimakon sare shi a lokacin sassabe. An ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. Ɗaya daga cikin amfanin da manoman suka shaida shi ne iskar farkon damina ta rage binne musu tsiro da rairayi. Gawo ya fi dacewa da wannan, domin yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya yi wa shuka inuwa.

Tsawa, ruwan sha da sauro

Tsawa takan kashe manoma da makiyaya da suka fake ƙarƙashin itace guda a fili, tare da dabbobinsu. Sauti yana tafiyar kimanin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, saboda haka idan tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita goma, kuma lokacin barin fili ya yi. Ginin da ke da rufi da bango, ko cikin mota, shi ne mafaka. Wanda tsawa ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa, ana iya taɓa shi a ba shi agaji nan take.

Ruwan farko yana wanke ƙazantar rani zuwa rijiyoyin da ba su da murfi ko bakinsu bai ɗaga ba, daga nan gudawa da kwalara ke samun ƙofa. Ɗaga bakin rijiya da siminti, tafasa ruwan sha ko sa masa sinadarin kulorin, da ajiye gishirin ORS a gida, matakai ne masu arha. Ruwan da ya fara sauka daga kwano a bar shi ya wanke ƙura tukuna kafin a tara. Zuwan damina yana kawo ƙarshen lokacin sanƙarau, amma yana buɗe na zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi wata-wata a tsawon damina a jihohin arewa, har da Katsina.

Inda rashin tsaro ya shigo

A Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba a iya maganar shirin damina ba tare da maganar 'yan bindiga ba. Sace ɗalibai sama da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba 2020 shi ne abin da duniya ta fi ji, amma hare-haren ƙauyuka sun tilasta wa iyalai da dama barin gidajensu. Gidan ƙasa da aka bari babu mai yi masa yaɓe ba ya daɗewa a gaban damina. Waɗanda suka yi gudun hijira kuma sukan rakuɓe a azuzuwa da kangaye da rumfunan buhu, wuraren da iska ta fi saurin yayewa. Duk ƙididdigar masu rauni da ba ta fara da su ba ta bar waɗanda suka fi buƙata a waje.

Rashin tsaro yana shafar isar gargaɗi ma. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da waɗannan ukun, na tsawon watanni. Wannan ya nuna cewa tsarin gargaɗin da ya rataya ga wayar hannu kaɗai ba zai wadatar ba. Rediyo, lasifikar masallaci, masu unguwanni da dagatai, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa su ne hanyoyin da ba sa yankewa da sauƙi.

Wa ke da alhakin me

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina da kula da tituna da magudanan ruwa da kwashe shara. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Tambayar kwalbatin da ya toshe a Ruwan Godiya, saboda haka, tana da adireshi: kansilan mazaɓa da shugaban Ƙaramar Hukumar Faskari.

Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, an kafa ta a 1999, kuma tsarinta ya tanadi hukumar jiha, SEMA, da kwamitin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya na shekara, inda take lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Asusun Kula da Muhalli, wanda aka kafa a 1981, ana raba kuɗinsa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi domin zaizayar ƙasa da ambaliya da makamantansu. Shirin ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a Disamban 2021, ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja. Rufin makarantun firamare yana ƙarƙashin hukumar SUBEB da tallafin UBEC, malaman gona suna ƙarƙashin KTARDA, inshorar amfanin gona kuma tana hannun NAIC.

Abin da aka fi gani a aikace shi ne rabon buhunan shinkafa da bandir na kwano bayan ɓarna ta auku. Haka aka yi bayan iskar da ta yi wa garin Bauchi kaca-kaca a Yunin 2018, da ambaliyar Jibiya ta Yulin wannan shekara, wadda ta kashe fiye da mutum 40. Ambaliyar Mokwa ta Jihar Neja, a ƙarshen Mayun 2025, ta kashe fiye da mutum 150 tun damina ba ta yi nisa ba. Agaji yana da muhimmanci, amma lissafin ya nuna rigakafi ya fi shi arha: rahoton Hukumar Duniya kan Daidaitawa da Sauyin Yanayi na 2019 ya ce gargaɗin sa'a 24 kacal zai iya rage ɓarna da kashi 30 cikin ɗari. A kan haka ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da shiri a 2022 na isar da gargaɗin gaggawa ga kowa a duniya kafin ƙarshen 2027.

Tambayoyin da za a iya yi kafin Mayu

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyoyin matasa da na ɗalibai a mazaɓar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suna iya amfani da ita, ko da zaman gari da kansila, su nemi amsar abubuwa ƙayyadaddu. Shin kwamitin gaggawa na ƙaramar hukuma yana nan, su wane ne mambobinsa, yaushe ya yi zama na ƙarshe? Nawa ƙaramar hukumar ta samu daga Asusun Kula da Muhalli a bara, kuma a wane aiki aka kashe shi? Azuzuwa da asibitocin sha-ka-tafi nawa ne iska ta yaye a daminar da ta wuce, nawa aka gyara, kuma an ɗaure sabon rufin da bango ko an maimaita aikin da ya tashi? Wa ke da alhakin karanta hasashen NiMet a rediyo da masallatai da kasuwar Sheme? A cikin ayyukan mazaɓa na ɗan majalisa, nawa ne suka shafi magudanai da dashen itatuwa?

Jerin watannin kuwa a fili yake. Fabrairu watan neman kundin hasashe ne da bayyana shi ga manoma. Maris na duba rufi da sayen katako da ƙusa tun farashi bai tashi ba. Afrilu na yaɓe da gayyar magudanai da ƙidayar gidajen da ke cikin haɗari, musamman na zawarawa da tsofaffi da 'yan gudun hijira. Daga farkon Mayu kuma sai sauraren gargaɗin kwana uku-uku da NiMet ke fitarwa, da haƙurin jiran ruwan shuka na gaskiya kafin a buɗe buhun iri.